Amanawa: Yadda Kiristanci Ya Shiga Ƙasar Sakkwato Ta Asibitin Kutare

Danchadi, a ƙaramar hukumar Bodinga, tana tsakiyar ƙasar da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafu. Sifawa, inda Shehu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, tana cikin wannan ƙaramar hukuma. A irin wannan ƙasa Kiristanci bai shigo ta hanyar wa'azi a kasuwa ba, ta asibiti ya shigo, musamman na kutare da ke Amanawa, a ƙasar Dange-Shuni, kudu da birnin Sakkwato.

Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Gwamna Lugga ya yi alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin Musulunci ba. Razdanoni suka riƙe wannan alkawari a matsayin hujjar hana 'yan mishan zama a masarautu. Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka faro a 1893 da niyyar isa ƙasar Hausa, ta fi shekara talatin tana aiki a wajen manyan biranen Musulmi. Biyu na farkon ma sun rasu tun 1894.

Kuturta ce ta buɗe ƙofar. Cutar ta yi yawa a Arewa, En'e-En'e (hukumomin gargajiya) kuwa ba su da likitocin da za su ji da ita. A ƙarshen shekarun 1930 aka daidaita: SIM ta kawo likitoci da nas-nas, En'e ta ba da fili da tallafin kuɗi. Haka aka damƙa wa mishan Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato, daidai lokacin da sarautar Sarkin Musulmi ta tashi daga Hassan ɗan Mu'azu zuwa Abubakar na Uku a 1938. Sharaɗi shi ne kada a tilasta wa majinyaci sauraron wa'azi.

Zaman Amanawa ba na kwana biyu ba ne. Maganin zamanin allurar man itacen chaulmoogra ce, mai zafi, mai jinkirin aiki, don haka mutum kan yi shekaru a wurin yana noma, ana wanke masa gyambo, ana ɗaure masa ƙafa. Masu so sukan koyi karatun boko, kuma littafin da ya fi samuwa a hannu shi ne Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga cikakkensa a 1932. A nan ne bangaskiya da shakka suka cuɗanya. Labarin Isa yana warkar da kuturu ba baƙo ba ne ga kunnen Musulmi, domin Alƙur'ani ya ambace shi a surar Ali Imrana da ta Ma'ida. Inda hanya ke rabuwa shi ne batun Ɗan Allah da gicciye, kuma a nan mafi yawan majinyata suka tsaya: su karɓi allura, su gode, su tafi su yi sallarsu.

Waɗanda suka ce sun ba da gaskiya kuwa, shakka ta tare su gaba da baya. 'Yan mishan suna tsoron kada neman magani da abinci ne ke magana, shi ya sa ba su gaggawar yi wa mutum baftisma sai ya daɗe ana duban halinsa. Labarin kutare goma na Linjilar Luka, da aka warkar amma ɗaya kaɗai ya komo godiya, ya yi daidai da fargabarsu. A gida kuma dangi na ganin an yi amfani da raunin mara lafiya. Duka zargin biyu suna da ƙamshin gaskiya, amma ba su ƙare zancen ba. Mutumin da aka ware wa ƙwaryarsa daban a gidan ubansa, ya zo ya tarar da mai kama hannunsa ba ƙyama, ba abin mamaki ba ne ya tambayi dalili. Sai dai ranar sallama ita ce ranar gwaji. Wanda ya koma ƙauyensu ba majami'a, ba abokin addu'a, ga batun aure da gado da makabarta, da yawa sukan koma addinin iyaye. Waɗanda suka ɗore galibi su ne suka zauna kusa da mishan, suka zama masu ba da magani, malaman karatu ko masu bishara.

Zuwan ƙwayar dapsone a shekarun 1950 ya sauke nauyin doguwar jinya. Aka buɗe ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka, mutum ya karɓi ƙwayarsa ya kwana a gidansa, zaman shekaru da ya ba mishan dama ya fara raguwa. A 1954 majami'un SIM suka haɗu suka zama ECWA a hannun 'yan ƙasa. Katolika ma ta kafa daiyosis ɗin Sakkwato a 1964, wanda Matthew Hassan Kukah ya zama bishop ɗinsa a 2011. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓe asibitocin mishan, daga baya kuma haɗin magunguna da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a farkon shekarun 1980 ya mayar da kuturta cutar da ake warkewa cikin wata shida zuwa shekara guda a yau.

Amanawa tana nan a matsayin asibitin gwamnatin jiha na cututtuka masu yaɗuwa. Kiristocin jihar Sakkwato a yanzu yawancinsu ma'aikata ne da 'yan kasuwa da sojoji da ɗalibai daga kudancin Kaduna, Zuru, Filato da kudancin Nijeriya, kuma a majami'u da dama da Hausa ake sujada da waƙa.