Babi na Uku: Garin Sawakin da Alhazan Ƙasar Hausa

3.1 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan Sawakin, wani ɗan ƙaramin gari da ke gaɓar Bahar Maliya a ƙasar Sudan. Ko da yake Birnin Kudu da Gwaram ba su kusa da teku, suna kan hanyar gabas wadda alhazai suka riƙa bi a da daga Kano zuwa Barno. Daga can ne akan ratsa Wadai da Darfur, kafin a isa Sawakin a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda.

3.2 Yanayin Garin

Asalin Sawakin tsibiri ne a cikin wani lungun teku. An gina gidajensa da duwatsun murjani da ake haƙowa daga ruwa. Mazaunansa sun haɗa da Beja da Larabawa da fatake 'yan Indiya, sana'o'insu kuwa su ne su da fito da fatauci. Garin ya shiga hannun Daular Usmaniyya ta Turkiyya a ƙarni na 16, sannan aka miƙa shi ga Masar a 1865. Jiragen katako masu tafiya da iska, waɗanda ake kira sambuk, su ne ke haye da mutane da kaya.

3.3 Zuwan Hausawa

Hausawa sun daɗe suna bin wannan hanya, amma sun ƙaru ainun bayan 1903. A shekarar ce Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas, jama'a da dama suka bi shi, har Turawa suka kashe shi a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a zuwa Sudan. Tafiyar takan ɗauki shekaru, domin sai alhaji ya tsaya ya nemi guzuri, musamman a gonakin auduga na Jazira bayan 1925. A bakin teku kuma wasu kan yi dako ko ga-ruwa har su tara kuɗin jirgi. Waɗanda kuɗinsu bai kai ba sukan zauna ɗungum, su ne ake kira Takari.

3.4 Durƙushewar Sawakin

Abin da ya gina Sawakin shi ne ya kashe ta. Mashigarta ƙunci gare ta, ga murjani a kewaye, don haka manyan jirage masu inji ba sa iya shiga cikin sauƙi. Wannan ya sa Turawan Ingila suka fara gina Fot Sudan a arewa da ita a 1905, aka buɗe tashar a 1909. Fatake suka kwashe suka koma can, gidajen murjani suka yi ta rushewa saboda rashin gyara. Duk da haka an ci gaba da killace alhazai a Sawakin domin duba lafiyarsu. Daga shekarun 1950 jiragen sama suka fara jigilar alhazai daga Kano, sai hanyar ƙasa ta riƙa mutuwa sannu a hankali. A 1991 aka buɗe sabuwar tasha mai sunan Usman Digna a Sawakin.

3.5 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa tarihin Sawakin wani ɓangare ne na tarihin hijira da aikin hajji a ƙasar Hausa. A babi na gaba za a duba rayuwar zuriyar waɗannan alhazai a Sudan.