Dausayin Baturiya

Dausayin Baturiya fadama ce a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma ta Jihar Jigawa, cikin yankin dausayin Haɗeja da Nguru. A shekarar 2008 aka shigar da shi jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar.

Lokacin sanyi, agwagin ruwa sukan taso daga Turai, su tsallako Sahara, su sauka nan tare da tsuntsayen gida irin su kirinjijiya da dinya da zalɓe. Mai son ɗaukar hotonsu sai ya yi sammako, ya laɓe cikin ciyawa, ya yi haƙuri, don motsi kaɗan ke tashinsu.

Abin takaici, madatsun Tiga (1974) da Challawa (1992) sun rage ambaliyar da ke raya dausayin, ciyawar kacalla kuma tana toshe hanyoyin ruwa.