Matsalolin lantarki a karafan

Karafan ƙaramin gida ne mai taya wanda mota ke ja, ana amfani da shi wajen yawon hutu musamman a Birtaniya, sauran ƙasashen Turai, Amurka da Ostareliya. Da yake ƙashinsa ƙarfe ne, kuma ana ajiye shi a fili inda ake samun ruwan sama da danshi, haɗarin jan wuta a cikinsa ya fi na gidan da aka gina.

Tsarin wutar

Karafan na da tsari biyu. Na farko batir ne mai volt 12, wanda ke kunna fitilu da famfon ruwa. Na biyu wutar layi ce da ake jonawa daga sansanin hutu: volt 230 a Turai, volt 120 a Amurka. A Turai ana jona ta da shuɗin filogi mai ɗaukar amp 16. Wannan tsari na biyu shi ne ke iya kisa. Na batir ba ya jan mutum, amma idan wayoyinsa suka haɗu yana iya tayar da gobara.

Haɗarin jan wuta

Babban haɗari shi ne tsinkewar wayar ƙasa. Idan ta tsinke, kuma wata na'ura ta zubar da wuta, jikin karafan ɗin zai ɗauki wutar. Wanda ya taɓa ƙofa ko matakala yana tsaye a jiƙaƙƙiyar ƙasa, wutar za ta bi ta jikinsa. Ko ɗan tsikari aka ji alama ce ta matsala, kuma ya kamata a cire filogi daga wurin jonawa nan take.

Wata matsalar ita ce juyewar wayoyi, inda mai ɗauke da wuta da ta nutural suke musanya wuri. Masu karafan daga Birtaniya sukan gamu da ita a sansanonin wasu ƙasashen Turai. A irin wannan hali na'ura na iya zama da wuta a cikinta ko da an kashe makunninta.

Gano matsala

Ana fara bincike daga waje zuwa ciki: wurin jonawa, doguwar waya, akwatin rarraba wuta, sannan soket. Ana warware doguwar wayar gaba ɗaya, domin nannaɗaɗɗiya tana yin zafi. Ƙaramar na'urar gwajin soket tana nuna juyewar wayoyi da rashin wayar ƙasa.

Na'urar kariya ta RCD tana yanke wuta idan abin da ke zuba ya kai miliamp 30. Idan tana yawan faɗuwa, ana cire dukkan na'urori a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har a gano mai laifin. Sau da yawa danshi ne ko na'urar dumama ruwa.

A ɓangaren batir ana duba fiyus da tsatsa a kawunan batir. Cikakken batir yana nuna kusan volt 12.7, wanda ya yi ƙasa da 12 kuwa cajinsa ya kusa ƙarewa.

Ƙa'idoji

A Birtaniya, sashe na 721 na ƙa'idar BS 7671 ya shafi wayoyin karafan, sashe na 708 kuma sansanoninsu. Ana ba da shawarar ƙwararren mai aikin lantarki ya duba tsarin aƙalla sau ɗaya cikin shekara 3.