Ninka Alamar Fifiko a Ingilishi: Shin Laifin Hausa Ne?

An daɗe ana cewa idan ɗalibi Bahaushe ya rubuta "most tallest" ko "more better", harshen uwa ne ya yi masa katsalandan. Masu wannan ra'ayi sun dogara da nazarin kwatanta harsuna irin na Robert Lado (1957). A ganina, an ɗora wa Hausa kayan da ba nata ba.

Hausa ba ta liƙa wa sifa ɗafa-ƙeya don nuna fifiko. Aikatau "fi" ke ɗaukar wannan nauyi: Audu ya fi Bala tsawo, Audu ya fi kowa tsawo. Alama ɗaya ce tak. Ingilishi kuwa hanya biyu gare shi: ɗafa-ƙeyar -est da ya gada tun asali, da kalmar "most" wadda ta bazu daga baya. Hanyoyin nan sun daɗe suna cuɗanya. Shakespeare ma ya haɗa su a wasansa Julius Caesar, kafin Robert Lowth ya soki ninkawar a littafinsa na nahawu a 1762, makarantu suka bi sahunsa. Duk da haka "lesser" ta tsira, alhali "less" kanta kwatanci ce aka sake yi mata -er.

Akwai suka ɗaya da ba za a yi watsi da ita ba. Mai ja zai ce ɗalibi yana fassara "mafi" da "most" a zuci, shi ya sa yake cusa ta ko'ina. Hujjar tana da ƙarfi, amma a bi ta daki-daki. Da "mafi tsawo" yake kwaikwaya, da "most tall" zai rubuta ya tsaya, domin "tsawo" ba ta sauya siffa bayan "mafi". To, daga ina -est ɗin ta fito? Daga allo, inda aka sa shi haddar tall, taller, tallest, aka kuma ba shi beautiful da "most", aka ce ya ƙirga gaɓoɓin kalma don ya zaɓi -est ko "most". Wannan ƙa'ida kuwa tana tangaɗi a kalmomi masu gaɓa biyu: "commonest" da "most common" duk karɓaɓɓu ne.

Ban ce Hausa ba ta da tasiri kwata-kwata ba, ban kuma ce mai gyaran jarrabawar WAEC ya yafe ba. Iyakar abin da hujja ta nuna shi ne ana jin wannan ninkawa a bakin yaran Turawa da masu magana da wasu karorin harshe na Ingila da Amurka, waɗanda ba su taɓa jin Hausa ba. Malamai su nemi tushen matsalar a tsarin Ingilishi da yadda muke koyar da shi.