Da Jakada da Babu Jakada: Abin da Muka Gani a Bakin Iyaka

'Yan uwa, a wannan bikin cika shekara na ƙungiyarmu, ya kamata mu waiwayi wani abu da ba a cika zancensa a kasuwa ba, alhali kuwa yana taɓa aljihunmu: aikin jakadancin Najeriya.

Dattawanmu sun ga zamanin da maganar Najeriya ke da nauyi. A 1971 aka kafa hukumar haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Nijar, mai mazauni a Yamai. A 1975 aka rattaba hannu kan yarjejeniyar CEDEAO a Legas, bayan Janar Gowon da Eyadema na Togo sun yi ta fafutuka. A 1979 aka amince ɗan yankin ya shiga ƙasar maƙwabta ya yi kwana 90 ba biza. Da wannan takarda iyayenmu suka yi fatauci daga Kano zuwa Maraɗi, daga Ƙonni zuwa Kwatano.

Sannu a hankali abin ya yi sanyi. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa ba tare da sanarwa ba, har zuwa Disamban 2020. A wannan tsakanin aka garƙame shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Akara. Bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023, takunkumi da barazanar yaƙi suka riga sulhu zuwa. Manyan motoci suka yi jerin gwano a Jibiya da Illela, albasa da tumatir suka ruɓe muna kallo. Malamai da sarakuna ne suka yi ta zirga-zirgar neman sulhu. A watan Satumban wannan shekara Abuja ta kira jakadunta gida, aka shafe fiye da shekara biyu ba a naɗa sababbi ba. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga CEDEAO.

Ƙaramin ma'aikaci na iya buga hatimi, amma ba ya samun ganin shugaban ƙasa idan rikici ya taso. Idan babu mai kai kukanmu sama, ɗan kasuwa ne ke biya, ko a shingen duwan, ko a layin biza na Dubai da Sin.

Don haka mu riƙe zumuncinmu da ƙungiyoyin ƙetaren iyaka, mu rubuta duk asarar da ta same mu a kawo ofis, mu kuma ci gaba da neman a sa mu a teburin shawara tun kafin a rufe ƙofa. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.