Sauyin Samu da Kuɗin Ciyar da 'Ya'ya Bayan Rabuwar Aure: Tsarin Birtaniya da Fiƙihun Malikiyya

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda hawa ko saukar samun uba ke shafar kuɗin ciyar da 'ya'yansa bayan saki. An kwatanta tsarin da Birtaniya ke bi tun 2012 da hukuncin nafaƙa a mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na arewacin Nijeriya ke aiki da ita. Abin da ya fito fili shi ne, lokacin da ake sake duba adadin ya fi adadin kansa tasiri a kan yaro.

Tsarin Birtaniya

Wata doka ta 1991 ce ta ɗauke yawancin lissafin kuɗin ciyar da 'ya'ya daga hannun alƙalai ta ba wa hukuma. A tsarin 2012, hukumar tana karɓar bayanin samun uba kai tsaye daga ofishin haraji, ta yi lissafi kafin a cire haraji. Mai samun fam 200 zuwa 800 a mako yana biyan kashi 12 cikin ɗari a kan ɗa guda, 16 a kan biyu, 19 a kan uku ko fiye. Wanda samunsa bai wuce fam 100 ba fam 7 yake biya. (An ce uba ne don shi ya fi yawa, dokar ta hau kan duk wanda yaran ba a hannunsa suke ba.)

Ana sake lissafi duk shekara. Tsakanin haka kuwa ba a taɓa adadin sai samun ya sauya da aƙalla kashi 25. A ɗauki uba mai 'ya'ya biyu da ke samun fam 500, yana biyan 80. Idan aka rage masa aiki ya koma 400, zai ci gaba da biyan 80, wato kashi 20 na samunsa. Sai ya faɗo 375 za a mayar da shi 60. Haka kuma idan ya hau zuwa 620, uwar yaran za ta ci gaba da karɓar 80 alhali lissafi ya ba ta fiye da 99. Manufar ita ce kada kowace 'yar gargada ta zama ƙara, kuma hujja ce mai ƙarfi. Sai dai mai ƙaramin ƙarfi ne ya fi jin jiki, domin raguwar kashi 20 a wurinsa kuɗin haya ne.

Nafaƙa a Malikiyya

Aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta rataya ciyarwa a kan wadatar mai ciyarwa, don haka tun asali ba adadi ne tsayayye ba. Uba yana ciyar da ɗa namiji har ya balaga yana iya nema, mace kuma har mijinta ya tare da ita. Mukhtasar na Khalil ya kawo ƙa'idar da ta fi shafar wannan nazari: ciyarwar 'ya'ya ta lokacin da ya wuce tana faɗuwa, sai in alƙali ya riga ya yanke ta, ko wani ya ciyar da niyyar a biya shi. Matar da ta yi kara ta ƙi zuwa kotu don gudun tsohon suruki, tana iya rasa abin da ta kashe a baya. Amurka ta bi wata hanya a 1986, inda ta hana kotu rage bashin ciyar da 'ya'ya da ya riga ya taru ko da uban ya rasa aiki.

Matsalar a Nijeriya tana ga naira. A ce alƙali ya yanke naira 10,000 a wata a 2019, lokacin da mafi ƙarancin albashi yake 30,000. Sulusinsa ke nan. A 2024 an ɗaga albashin zuwa 70,000, kuɗin ya koma kashi ɗaya cikin bakwai. Tsakanin shekarun biyu an janye tallafin man fetur a Mayun 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 34 a 2024. Hukuncin yana nan a takarda, amma mudun da yake saye ya ragu, kuma ba ya motsi sai uwa ta sake shigar da ƙara.

A ganin wannan maƙala, kwafo tsarin Birtaniya ɗungurungum ba zai yi ba. Tsarin ya tsayu ne a kan gwamnati mai ganin samun kowa, alhali ɗan kasuwar Kantin Kwari ko manomin rani a Kura ba shi da takardar albashi. Ma'aikacin gwamnati kam ana iya yanke masa kaso na albashi, yadda ƙarin girma zai isa ga yaran ba tare da sabon zama ba. Sauran kuwa fiƙihun ya riga ya buɗe ƙofa: a babin ciyar da mata, Khalil ya ƙiyasta ciyarwa da yadda samun miji ke zuwa, na kwana, mako, wata ko shekara, ya kuma halatta ba da kuɗi a madadin kayan. Alƙali na iya yanke hatsi, sutura da kuɗin makaranta a matsayin asali, a biya gwargwadon farashin kasuwa, ya kuma rubuta ranar sake dubawa a cikin hukuncin. Ga manomi, bayan kaka.