Asalin Kalmar "Victimology" da Matsayin Mai Haƙƙi a Ƙasar Kano

Turawa suna da wani fannin ilmi da suke kira victimology, watau nazarin mutumin da laifi ya faɗa wa. Kalmar haɗi ce. Gaɓar farko daga Latinanci take, victima, dabbar da Rumawa kan yanka don hadaya. Ta biyu kuwa daga Girkanci, logos, watau magana ko ilmi. Wani lauya na Romaniya, Benjamin Mendelsohn, shi ne ya ambace ta cikin lacca a Bukares a 1947. A 1948 Hans von Hentig, Bajamushe, ya buga littafi kan dangantakar mai laifi da wanda ya cuta. Sai a 1985 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi shelar haƙƙoƙin irin waɗannan mutane.

Abin lura shi ne dabbar hadaya ba ta da baki. Haka shari'ar Ingila ta daɗe tana ɗaukar wanda aka cuta: shaida ne kurum, ƙarar kuwa ta hukuma ce.

A ƙasar Hausa lafazin dabam ne. Mukan ce "wanda aka zalunta" ko "mai haƙƙi", kuma zalunci da haƙƙi duka daga Larabci muka aro su. A zamanin En'e, idan aka yi kisan kai a Bebeji, Kiru ko Tudun Wada, wadda Doguwa ke cikinta a lokacin, birnin Kano ake kai shari'ar. Can, bisa mazhabar Maliku, magada ke da ikon neman ƙisasi ko yin afuwa a karɓi diyya. Risala ta ƙayyade ta: raƙuma 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000.

Sa'ad da dokar Final Kot ta Jihar Arewa ta fara aiki a 1960, wannan iko ya koma hannun hukuma, magada suka zama 'yan kallo. Dokar Shari'a ta Kano ta shekarar 2000 ta maido da ƙisasi da diyya.

Saboda haka malamin da zai fassara wannan kalma ga ɗalibansa ya yi hattara. In ya bi asalinta na Latinanci, zai koya musu abin tausayi ne kawai. Makiyayin da ɓarayi suka kore wa shanu a dajin Falgore kuwa ba tausayi yake bi ba, dukiyarsa yake bi. "Nazarin mai haƙƙi" ya fi dacewa da harshenmu da tarihinmu.